Zangon Daura, garin da ya riƙe sarauta kusan shekara 80

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fodkas daga nan Daura. Ni ce Hadiza, ga Yaya Aminu, ga kuma Baba Malam Sani, mu ukun dai kamar yadda kuka saba. Yau Zango za mu, garin su Baba.

Malam Sani: Madalla 'yata. Na daɗe ina jiran wannan rana, don yaran yanzu in ka ce musu Zango, abin da suka sani kawai garin da ake wucewa ta cikinsa a hanyar Baure.

Aminu: To Baba, ga wanda bai taɓa zuwa ba, a ina garin yake?

Malam Sani: Gabas da Daura yake, ko awa ɗaya ba za ka yi a mota ba. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zango, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, tare da Daura, Baure, Mai'adua da Sandamu. Ta arewa kuwa iyaka muka yi da Jamhuriyar Nijar, wajen ƙasar Magarya. Akwai garuruwa a ƙarƙashinsa irin su Yardaje, Rogogo, Garni da Sara.

Hadiza: Baba, ni tarihin nake so. An ce Zango ta taɓa zama fadar Sarkin Daura. Da gaske ne?

Malam Sani: Ƙwarai kuwa. A wajen 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ishaku, jagoran Fulani masu jihadi, ya ci Daura da yaƙi. Sarkin da ke kan gado a lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Amma fitar da suka yi daga birni ba ta sa sun ajiye sarauta ba. Sun yi ta zama nan da can, har wajen 1825 gidan ya kafu a Zango. Wani reshen kuma ya zauna a Baure. Sai ya zamana Daura ta kasu uku: Fulani na mulki a cikin birni, ga Daura ta Zango, ga Daura ta Baure, kowa na kiran sarkinsa Sarkin Daura.

Aminu: Amma Baba, ƙaramin gari kamar Zango, ta yaya ya tsaya a gaban birni duk tsawon wannan lokaci?

Malam Sani: Da jingina, ɗana. Sarakunan Zango sun jingina da Damagaram, wadda ƙarfinta ya kai matuƙa a zamanin Sarki Tanimu. Suna kai gaisuwa can, ita kuma tana tsaya musu. Wannan jingina ta zo da nata nauyin, don wanda ya ba ka inuwa yakan sa baki a cikin gidanka. Amma da ita aka rayu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tafi da tsarin fadar gaba ɗaya, da masu sarautu, da tambura, da yadda ake naɗi. Ba su bari ya watse ba, sarauta ta ci gaba a cikin gidan har kusan shekara 80.

Hadiza: Sai kuma Turawa suka zo.

Malam Sani: Suka zo, Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakiyar ƙasar Daura. A 1904 Turawan Ingila suka naɗa Malam Musa na Zango a matsayin Sarkin Daura, sarauta ta koma gidan da ta fito. Bayansa ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi mulki har 1966. Sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Mai Martaba Umar Faruk Umar daga 2007.

Aminu: Ke nan wanda ya zo kallon hawan Sallah a Daura, ko ya je rijiyar Kusugu aka ba shi labarin Bayajida da Daurama, ya kamata a faɗa masa rabon Zango a ciki.

Malam Sani: Abin da nake ta faɗa ke nan. A mafi yawan masarautun ƙasar Hausa gidajen da jihadi ya kafa su ne ke kan gado har yau. Daura ta fita daban, kuma ba don an riƙe gidan a Zango ba, da babu wanda za a dawo da shi. Ina son a koya wa yaran firamare na ƙasarmu wannan.

Hadiza: To Yaya Aminu, kai da ka duba alƙaluma, mutum nawa ne a Zango?

Aminu: Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar gaba ɗaya tana da mutum sama da 150,000, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600. Na ƙaramar hukuma ne fa, ba na garin kaɗai ba. Kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Duk yaron da aka haifa bayan 2006 ba ya cikin wannan lissafi, ga shi wasunsu sun kai aure. Da wannan tsohon adadi ake hasashen ajujuwa nawa za a gina da rijiyoyin burtsatse nawa za a haƙa.

Malam Sani: Ka ƙara da cewa yawan mutanen ya danganta da watan da ka zo. Ƙasarmu jigawa ce, yashi, ruwan sama daga wajen Yuni zuwa Satumba. Gero muke nomawa, da dawa, da wake, da gyaɗa, da riɗi. Gawo kuwa manomi ba ya sare shi, don da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa shuka rana da taki. Da an gama girbi an cika rumbu, sai samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani Kano, Abuja, Legas. In ka shigo ƙauyukanmu a watan Maris, tsofaffi da mata da yara za ka fi gani.

Hadiza: Iyakar fa, Baba? Tana shafar mutane?

Malam Sani: Sosai ma. Mutanen da ke tsallaken iyaka danginmu ne, muna aure a can suna aure a nan, Hausarmu ɗaya. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, masu fataucin dabbobi da hatsi sun ji jiki, kasuwanni suka yi sanyi. Har zuwa gaisuwar mutuwa sai da ya zama aiki.

Aminu: Wannan magana ta iyaka tana son zama na musamman.

Hadiza: Mu bar ta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu haɗa da Baure. Baba, mun gode.

Malam Sani: Allah ya yi muku albarka.