Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ayyuka daga Al'ummar Tsallaken Rafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Ayyuka, wakilin Hakimi, Dagacinmu da masu unguwanninsa, Malam Liman, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Labarin ƙwazonka ya riga ka isowa, don haka ba za mu tsaya lissafi ba. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ka zo a tsakiyar damina, ka bar motarka a wancan ƙetare, ka naɗe ƙafar wando ka shiga ruwa yadda muke shiga kullum. Ka riga ka ga buƙatarmu da idonka: gada muke nema a kan wannan rafi.

Garinmu ƙarami ne, tafiyar ɗan lokaci daga ganuwar Zariya, amma a siyasa ba yara ba ne mu. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, iyayenmu suna cikin talakawan Zazzau da suka amsa kiran Sawaba, a zamanin da furta wannan kalma kan kai mutum gaban alƙali. Wasu sun sha bulala, wasu sun kwana a gidan yari, kamar yadda Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga tana fita. A 1979 zaɓen gwamna ya faɗo a watan Yuli, rafin nan ya cika ya batse. Dattawan da ke zaune a gabanka, suna samari a lokacin, suka ɗaure rigunansu a ka, suka haye, suka je suka zaɓi mabuɗin PRP. Alhaji Balarabe Musa ya ci. Da majalisar da 'yan NPN suka fi yawa a ciki ta tsige shi a 1981, an yi zaman jimami a ƙofar Dagaci, kuma har gobe akwai tsofaffin da ba su huce ba.

Wasu na cewa mutanen ƙauye da atamfa da sabulu ake sayen su. Wannan magana tana yi mana ciwo. A 2015 gwamna mai ci, Mukhtar Ramalan Yero, ɗan Zariya ne, namu ne, ba mu da gaba da shi, amma da muka ga lokacin canji ya yi, tsintsiya muka bi sak. A 2023 kuwa kowa ya ga yadda jihar nan ta raba ƙafa: Atiku Abubakar ya ɗauki Kaduna a zaɓen shugaban ƙasa, bayan mako uku Malam Uba Sani ya ci gwamna da ratar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba. A rumfunanmu ma haka aka yi, gida ɗaya miji ya dangwala wa lema, mata ta dangwala wa tsintsiya. Irin wannan rata, ranka ya daɗe, ƙananan garuruwa irin namu ne ke cike ta. Muna kuma alfahari cewa da ƙuri'unmu a cikin waɗanda suka mayar da Iyan Zazzau Abbas Tajuddin majalisa har ya zama Kakaki.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun 1999 manyan zaɓuɓɓuka a rani ake yin su, galibi tsakanin Janairu da Afrilu. Masu neman ƙuri'a kan zo lokacin da rafi ya ƙafe, motocinsu su ratsa yashi ko taya ba ta jiƙe ba, su yi alkawari su wuce. Ba su taɓa ganin yadda taki ke kwana a wancan gefe masara tana jira ba. Ba su ga yaranmu na sakandare suna zaune a gida duk ranar da aka kwana ana ruwa ba. Bara wata 'yarmu naƙuda ta zo mata da tangarɗa cikin dare, aka ɗauko ta a amalanke za a kai ta asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ruwa ya tsare mu a bakin rafi har asuba. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Mahaifinta yana nan cikinmu.

Sau biyu ana zuwa a yi awo, a kafa turaku, a tafi. Gara ta cinye turakun.

Muna da ƙarancin malamai a firamare, taransifomarmu kuma ta daɗe da ƙonewa. Mun rubuta su a takardar da za mu miƙa maka, amma za mu iya haƙuri da su. Gadar ce ba za mu iya ba. Yashi da dutse muna da su, matasanmu sun ce za su yi aikin ƙarfi kyauta, masu gonakin bakin rafi sun yarda su ba da fili ba tare da diyya ba. Don Allah, ranka ya daɗe, ka kai kukanmu ga Mai Girma Gwamna, a sa gadar nan a kasafin kuɗin baɗi, a fara aikin da kaka da zarar ruwa ya janye.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Samarinmu na nan za su raka ka ka haye.

Wassalamu alaikum.