Zaɓen Jami'ar Karatun Injiniya da Zaman Ɗalibi a Cikinta

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani injiniya, malamin jami'a, ya gabatar wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu a garin Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, malamai, da ku 'yan aji shida, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su: yadda ake shiga, yadda ake zaɓen makarantar, maganar kuɗi, sai zaman makarantar kansa.

Na farko, shiga. Wannan kun sha ji, zan bi ta kai da sauri. Kiredit biyar ake so a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, da ƙarin darasi ɗaya na kimiyya, a zaman da bai wuce biyu ba. A JAMB kuma Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen cike fom. Yaro ya miƙa wa mai shagon kwamfuta kuɗi, ya koma gefe yana danna waya, a sa masa Bayoloji a gurbin Kemistiri. Ko 300 ya ci cikin 400, haɗin bai yi ba, shekara ta tafi. Ka tsaya a kan mai cikewar, ka karanta da idonka kafin a tura.

Sannan tun 2017 JAMB take ba da gurbi ta manhajarta ta CAPS. Duk gurbin da bai fito maka a can ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya ba ka takardar. Sai ka gama shekara biyar, lokacin bautar ƙasa ya zo, a nemi sunanka a rasa. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Bauchi da Gombe muna cikin na ƙarshen nan. Saboda haka ɗan Alkaleri ko Bajoga da ya sa Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a zaɓin farko yana da ƙofa uku, ba ɗaya ba.

To, na biyu, kuma nan ne zan zauna. Zaɓen makaranta.

Makarantu muna da su. Ga ATBU nan a gida, an kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da ABU a 1984, ta dawo da cin gashin kanta a 1988 da sunan marigayi Abubakar Tafawa Balewa. Ga ABU Zariya tun 1962, ga Bayero a Kano, ga Jami'ar Maiduguri, ga Modibbo Adama a Yola, ga ta Minna, ga ta Wudil. Ba zan ce muku wannan ta fi waccan ba, don tambayar ma ba haka take ba. Ba jami'a za ka karanta ba, kwas za ka karanta, a wani sashe guda. Jami'a ɗaya sai ka samu sashenta na gine-gine da hanyoyi ya kafu shekara arba'in, na wani sabon kwas kuwa bara aka buɗe, malamai uku ne, kayan aikin ma aro ake yi.

Abin da za ka fara tambaya shi ne tantancewa. Hukuma biyu ke tantance karatun injiniya. Akwai NUC, mai kula da jami'o'i gaba ɗaya, akwai COREN, wadda aka kafa da dokar soja a 1970 don kula da sana'ar injiniya. Kwas-kwas suke bi, ba jami'a ɗungurungum ba. Ku rubuta wannan, iyaye ma a rubuta. A wajen NUC sakamako uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana. In an hana, sashen bai da ikon ɗaukar sababbin ɗalibai. COREN kuwa ita ce za ta yi maka rajista bayan ka gama, ka yi aiki shekara huɗu a ƙarƙashin manya, ta ba ka lamba da hatimin da za ka buga a kan zane. In kwas ɗinka bai da amincewarta, sai ka tarar da hanyar rajistar ta yi maka tsawo da karkace, ga digiri a hannu amma ba ka da ikon sa hannu. Ka je ofishin shugaban sashe ka yi sallama, ka ce, ranka ya daɗe, yaushe COREN ta zo ziyara ta ƙarshe, me ta bayar? Ba rashin kunya ba ne. Sashen da yake da ita da murna zai nuna maka takardar.

Amma takarda ba ta isa ba. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Ka taka ka je. Wanda ke garin nan, harabar ATBU ta Yelwa ga ta a hanyar Dass, ta Gubi ga ta a hanyar Ningi, kuɗin mota kawai zai ci. Kada ka tsaya kallon ƙofar shiga da ginin majalisar jami'a, ka ce a kai ka wokshop da ɗakunan gwaji.

In injiniyan gine-gine kake so, ka nemi injin da ake murƙushe kankare. Bari in gaya muku yadda abin yake, don ku san me za ku tambaya. Ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, a ce ɗaya, biyu, huɗu. A zuba a wani akwatin ƙarfe mai milimita 150 ta kowane gefe, hawa uku, kowane hawa a caccake shi da sanda don iska ta fita. Kashegari a kwance akwatin, a jefa dunƙulen a tankin ruwa. Ranar bakwai a ciro wasu a danne su a inji, ranar 28 a ciro sauran. Kankare mai daraja 25, ɗan dunƙulen nan da za ka ɗauka da hannu biyu, sai ya ɗauki nauyin kusan tan 57 kafin ya tsage. Tan hamsin da bakwai! Ɗalibin da ya kwaɓa da hannunsa, ya ƙara ruwa fiye da kima don kwaɓin ya yi masa sauƙi, ya ga nasa ya fashe tun allurar ba ta yi nisa ba alhali na abokinsa yana tsaye, wallahi har ya mutu ba zai bar lebura ya tuttula ruwa a kwaɓi a gabansa ba. Wanda ya karanta a takarda kawai zai bari. Kuma benayen da kuke jin sun rufta da mutane, da yawansu daga irin wannan ne: an rage siminti, an rage rodi, an cika ruwa, babu wanda ya gwada. Saboda haka ka leƙa tankin. Akwai ruwa a ciki? Akwai dunƙule da aka rubuta wa kwanan wata? In ka ga tanki a bushe, ganye ya taru a ciki, ka samu amsa.

In na kanikanci ne, ka je wajen injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. Kada ka kalli fenti, ka kalli ƙasa. Injin da ke aiki za ka ga ɓarɓashin ƙarfe a murɗe a ƙarƙashinsa, ga maiƙo, ga ƙamshin mai. Wanda aka goge tas aka lulluɓe da leda, baƙi yake jira, ba ɗalibai ba. (dariya) Haka wajen walda, ka duba ko akwai guntayen sandar walda da aka ƙona. Na lantarki, ka nemi teburin da ake gwada injin da wuta ke juyawa da tiransifoma, da na'urar da ke nuna igiyar wuta a gilashi, ka ce a kunna maka. Ka kuma tambaya, in an ɗauke wuta a tsakiyar firaktikal, akwai janareta ko sola, ko kowa ya kama gabansa?

Kai mai farar hula, na ga kana rubutu, ƙara wannan: mutum nawa ne a kan inji ɗaya? In biyar ne, kowa zai taɓa. In talatin ne, biyu za su yi, sauran su kwafi sakamako. Kuma amsar gaskiya ba a ofis take ba. Ka sami ɗan aji huɗu a gindin bishiya, ka ce, yaya, tsakani da Allah ka taɓa kunna injin nan da hannunka? Ka gaida ma'aikatan wokshop ɗin, masu fasahar nan da ke tsaye a kan injuna. Su ne ke koya wa hannu aiki, kuma ɗalibin da ya girmama su ba ya rasa shiga ko bayan an tashi.

Har yanzu a kan zaɓe, ka duba ina za ka yi aikin koyon sana'a. Karatun shekara biyar ne. A yawancin jami'o'i bayan aji biyu akwai 'yan makonni na aikin hannu a cikin makaranta, sannan a aji huɗu a fita wata shida, shirin SIWES da hukumar ITF mai hedikwata a Jos ke kula da shi. A yankinmu akwai kamfanin siminti na Ashaka, akwai madatsar Dadin Kowa da ke ba da megawat 40, akwai tashar rarraba wutar lantarki ta Gombe, akwai ma'aikatar ruwa ta Gubi, ga kamfanonin hanya. Ga kuma Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Tun kana aji uku za ka fara neman wuri. Wanda ya bari sai an ba da takarda, shi ne ke ƙarewa a ofishin da zai wuni yana gadin fanka, ya cika littafinsa da abin da bai yi ba.

Ana nuna mini agogo. To na uku, ko na huɗu ne, mu haɗe su.

Kuɗi. Ban da kuɗin rajista akwai allon zane da kayan awo, kalkuleta ta kimiyya, rigar wokshop, takalmi mai ƙarfe a baki, daga aji uku kuma kwamfuta ta zama dole saboda manhajojin zane da lissafi irin su AutoCAD da MATLAB. Furojet na aji biyar shi ma yana cin kuɗi, a fara tanadi da wuri. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, akwai tallafin jiha, akwai na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF. Ku cike, kada ku ce sai mai hanya.

Ɗakin kwana ba ya isa a kusan ko'ina. In za ka kama haya a waje, ruwa za ka fara tambaya, sannan tsaro, sannan nisa, don laccar ƙarfe takwas ba ta jiran mai keke napep. Risho ko ƙaramin gas, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, shinkafa da wake daga gida, gidan sauro. Iyaye, ku riƙa kira. Yajin aiki ma a sa shi a lissafi, na 2022 wata takwas ya ɗauka.

Maki kuwa, wannan ba zan tsallake ba. A daga 70 ne, maki biyar. B daga 60, huɗu. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. A ce ka ɗauki yunit 20 a zango, duk ka ci B, matsakaicinka 4.0. Ka faɗi kwas ɗaya tak mai yunit uku, 68 a raba 20, ka dawo 3.4. Daga 3.50 ake shiga mataki na biyu na sama a sakamakon digiri, wanda kamfanoni da masu tallafin karatu suka fi nema. Kwas ɗaya ya fitar da kai, kuma ga shi za ka sake ɗaukarsa baɗi a kan na baɗin. Aji ɗaya ne mafi arha, don maimaicin sakandare ne da ƙari, amma a nan yara ke sakin jiki. Aji biyu kuwa lissafi da ƙarfin kaya da zane za su taso tare. Ku kafa rukuni na mutum huɗu ko biyar, ku riƙa warware tambayoyin shekarun baya da biro, ba da ido ba. Ku 'yan mata, duk abin da na faɗa da ku nake, ban ware ku ba.

Na'am Baba, bismillah, a ba shi abin magana.

(Wani dattijo ya ce ɗansa ya yi JAMB makin bai kai ba, ga shi an ba shi gurbi a kwalejin fasaha, ya tafi ko ya jira baɗi?)

Allah ya ƙara girma, Baba. Ni dai shawarata ya tafi, kada ya zauna a gida. Ga ta tarayya a Gwallameji, ga Tatari Ali, ga ta Kaltungo ga mutanen Gombe. Su hukumar NBTE ke tantance su, ita ma a tambaya kwas-kwas kamar yadda na faɗa. Zai yi ƙaramar difloma shekara biyu. In ya fita da 3.00 zuwa sama cikin 4.00, yana iya sayen fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ya faɗa aji biyu a jami'a, kuma irin waɗannan yaran sukan fi 'yan ajinsu hannu a wokshop. Sai dai ya riƙe lissafi da kyau, don nan ne suke shan wuya in sun shigo. In kuma ya zarce babbar difloma, to ya sani COREN za ta yi masa rajista ne a rukunin masu fasahar injiniya, sai ya ƙara diflomar gaba da digiri da aka amince da ita kafin ya hau matakin cikakken injiniya. Akwai kuma jarrabawar share fage ta IJMB ta ABU, ita ma aji biyu take kaiwa.

Abu ɗaya, Baba, da ke hana yara da yawa shiga duk da makinsu ya kai: takardar cikakken sakamako. Kwalejin ce ke aika ta jami'ar da ya nema, ba a hannunsa za a ba shi ba, kuma tana ɗaukar lokaci. Ranar da ya sayi fom, washegari ya je ofishin jarrabawa ya biya kuɗinta, ya riƙe rasit, bayan mako biyu ya bi sawu a jami'ar ya tabbatar ta iso sashen da ya nema. Akwai wani hannu a can baya, amma an kira salla, wanda ke da tambaya ya same ni a bakin ƙofa bayan an idar.