Jigawa, Fako da Fadama: Yadda Ake Gane Daji da Iccensa

Wani malamin ilimin tsirrai ne ya gabatar da wannan lacca a Tawa, gaban ɗalibai da manoma da makiyaya. Daga faifan da aka naɗa muka rubuto ta.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, ƙannena ƴan lakwal, barkanmu da war haka. Na baya, kuna jina? Madalla.

In kuka buɗe taswirar Nijar, layuka za ku gani a kwance: hamada a arewa, Sahel a tsakiya, sai ɗan yankin Sudan can wajen Gaya, inda ruwan sama ke kai milimita 800 a shekara. Yamai na samun 500 da ɗoriya, mu nan Tawa da ƙyar mu kai 400. Rabon gaskiya ne, amma ba ya gaya wa mai garke inda zai nufa da rani. Hadari ɗaya ke zuba a kan dutsen Adar da cikin kwarin Majiya, amma iccen sama daban, na ƙasa daban.

Shi ya sa mai nazarin daji yake yin tambaya biyu. Wace irin ƙasa ce wannan? Wane icce ne ya rinjaya a kanta? Kakanninmu sun riga mu amsawa. Jigawa ta sabara ce da kalgo da ƙarangiya, da gawo in gona ce. Fadama da bakin tafki, kamar na Tabalak, nan bagaruwa ke shan ruwanta. Gulbin Kaba na jihar Maradi, kaba ce ta ba shi suna, wato ƴar goriba. Kwarin Dallol Mawri wajen Gaya kuwa gidan giginya ne. In kun haura arewa da Abalak, sai kandili da aduwa jefi-jefi.

Abin da boko ya ƙara shi ne awo. A 1956 masana suka taru a Yangambi, ƙasar Kwango, suka daidaita sunayen ire-iren dazukan Afirka. Wajen ƙidaya kuma, har yau muna bin hanyar Braun-Blanquet, mutumin Suwizalan. Ka kewaye fili da igiya, ka rubuta duk tsiron da ke ciki, sannan ka ba kowanne maki gwargwadon ƙasar da ya rufe. Wanda ya rufe fiye da kashi 75 cikin 100, makinsa 5. Wanda bai kai kashi 5 ba, 1 ko ƙasa da haka.

Ku lura, rinjaye ba tsawo ba ne. Ina ɗalibi, ranar da na fara fita daji, wata ƙatuwar kuka ta cika mini ido, na rubuta "dajin kuka". Da muka ja igiya, kukar nan tilo ce, geza kuwa har tana yaga mini wando. Na sha dariya ran nan.

To, gezar nan ita ce ta kawo ni. Wanda ya taɓa shiga jirgin sama daga Yamai ya ga tudun jan marmara da zane-zane, layin duhu, layin fari, kamar jikin damisar Asiya mai ratsi-ratsi. Faransawa dajin damisa suke ce masa. Layin duhun geza ce da sabara da tsiriri a cunkushe. Farin kuwa fako ne, ƙasa ta daskare, ko ƙarangiya ba ta fitowa. Mai wucewa sai ya ce dajin ya mutu rabi. Ina! Fakon ne ke shayar da duhun. Ruwa ya sauka, ba ya nutsewa, sai ya gangara sannu a hankali, don tudun yana da ɗan karkata da ido ba ya gani. Ya isa bakin duhu, ganye da sassabe su tare shi, ramukan gara su shanye shi. Ta haka iccen ke shan rabonsa, ya haɗa da na fakon da ke samansa. In wani mai kyakkyawar niyya ya zo ya yi wa fakon kaf rabin wata, wato ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, ya dasa itatuwa, ya datse wa na ƙasa ruwa ke nan. Rabin wata magani ne a fakon da zaizaya ta haifar, kamar wanda aka farfaɗo da shi a Keita tun daga 1984. Amma fako biyu ne, sai an tantance kafin a ɗaga diga.

Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ma sun san wannan rabo: da damina suna kan tudu cikin geza, da rani su gangara Dallol Boso wajen gawo, tunda shi da rani yake ganye.

Na ga Baba ya ɗaga hannu. Na'am, Baba?

Baba na cewa gonarsa da sabara ce, yanzu tumfafiya ta cika ta, wane suna za mu ba ta? A takarda, Baba, tumfafiya zan rubuta, tunda ita ta rinjaya. Amma ita tumfafiya ƙasar da ta gaji take bi, kuma bisashe ba su damu da ita ba, shi ya sa take yaɗuwa. Ka duba da kyau, kututturen sabara na nan a ƙasa da ransa. Ya yi toho, ka bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Bayan sallar la'asar mu tafi tare, yaran nan su ɗauko igiya.