Darasi kan kuɗin bizar yawon buɗe ido ta intanet: nawa ake biya, kuma wa ake biya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan birnin Yamai. Darasinmu na yau ya shafi kuɗin da matafiyi yake biya idan zai nemi bizar yawon buɗe ido ta intanet, wato bizar da ake cike takardarta a waya ko a kwamfuta, a biya da katin banki, amsa ta zo ta imel, ba tare da mutum ya kai fasfonsa ofishin jakadanci ba. Ku riƙe tun yanzu cewa duk inda na ambaci dala a wannan shiri, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a sani shi ne, kuɗin da ake biya ladan duba takardar nema ne, kuma da zarar ya fita daga asusunka ya fita ke nan. In an ba ka biza, madalla. In an hana ka, ko ka yi kuskure wajen rubuta lambar fasfo, ko rashin lafiya ta sa ka fasa tafiyar, ƙa'idar galibin ƙasashe ita ce ba a mayar da ko sisi. Saboda haka duk wani bincike da natsuwa da mutum zai yi, wajibi ne ya yi su kafin ya danna wurin biya, domin bayan nan babu wani ma'aikaci da zai zauna gabansa ya roƙa a yi masa gyara.

Binciken farko shi ne ko ƙasar da za ka je tana buƙatar biza daga mai fasfon Nijar, in kuma tana buƙata, ko ta yarda ya nema ta intanet. A nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗi a banza. Wanda zai je Bamako ko Wagadugu ba ya neman biza, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ciro maka ita cutarka zai yi. Ruwanda tana karɓar 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka su zauna har kwana 30 ba tare da sun biya kuɗin biza ba. Kenya kuwa ta soke biza a watan Janairun 2024, ta maye gurbinta da izinin shiga na intanet wanda ake biyan wajen dala 30, sannan a 2025 ta ɗauke wa mafi yawan 'yan Afirka wannan izini ma. Kun ga ke nan labarin da wani ɗan'uwa ya ba ku game da tafiyarsa ta bara waccan yana iya zama gaskiya a lokacinsa, amma yau ya tsufa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙasashen da suke da tsarin intanet, amma ba domin mu aka yi shi ba. Izinin ESTA na Amurka an keɓe shi ga 'yan ƙasashen da Amurka ta ɗauke wa biza, kuma Nijar ba ta cikinsu. Bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da Jamus da Italiya da ita, har yanzu sai mutum ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa, kuma kuɗinta ga babba yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ga yara 'yan shekara 6 zuwa 12 kuma yuro 45. Tun da farashin yuro a ƙayyade yake, sefa 655.957 kowane ɗaya, yuro 90 ya kama jika 59 da 'yan kai. Duk shafin da ya yi maka alkawarin bizar Shengen ta imel cikin kwana biyu, ka rufe shi.

Bari mu ɗauki Indiya mu yi lissafi da ita, domin mutanenmu suna zuwa can sosai, kuma fasfon Nijar yana cikin waɗanda aka yarda su nemi biza ta intanet. A tsarin da Indiya ta fitar a 2019 ga galibin ƙasashe, bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 dala 25 ce daga watan Yuli zuwa Maris, tana kuma sauka zuwa dala 10 daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da zafi yake rage baƙi. A lokacin, ta shekara guda dala 40 ce, ta shekara biyar kuma dala 80. A kan wannan ana ɗora ladan biya da kati, wajen kashi 3 cikin 100. Teburin farashin kowace ƙasa yana nan a shafin gwamnatin, kuma shi ya kamata mutum ya duba a ranar da zai biya. Ana so a nema aƙalla kwana huɗu kafin ranar sauka, fasfo ya zama yana da sauran wata shida, da shafi biyu da ba a buga wa hatimi ba.

To, mu ƙaddara dala tana kan sefa 600 a ranar da za ka biya. Dala 25 ta zama jika 15. Ladan kati zai ƙara kusan sefa 450. Sai kuma bankinka na nan gida, wanda zai canza maka sefa zuwa dala a kan farashinsa, ba a kan wanda ka gani a waya ba, ya kuma cire nasa ladan na biyan kuɗi a waje. Dala ba kamar yuro take ba, tana hawa tana sauka, shi ya sa kuɗin da maƙwabcinka ya biya watan jiya ba lallai ya yi daidai da naka ba. Duk da haka, in an haɗa komai, abin ba zai yi nisa da jika 16 ko 17 ba. Idan wani ya ce maka wannan biza jika 60 ce, ka san cewa fiye da jika 40 ladansa ne da na waɗanda ya bi ta hannunsu.

Ba ina cewa neman taimako laifi ba ne. Dattijon da ya taso daga Tawa ko Kwanni, ba ya karanta Faransanci balle Turanci, ba shi da katin banki, dole ya nemi wanda zai cike masa, ko yaron gida, ko mai shagon intanet, ko kamfanin shirya tafiye-tafiye, kuma wanda ya yi aiki ya cancanci ladansa. Abin da nake ƙi shi ne a dunƙule kuɗin gwamnati da ladan aiki wuri guda a kira su kuɗin biza. Haƙƙinka ne ka ce a nuna maka rasit ɗin da shafin gwamnati ya bayar, mai ɗauke da sunanka da lambar nemanka da adadin dalar da aka cire, sannan a faɗa maka ladan aiki daban, ku yi ciniki a kansa. Ka kuma dage a sa adireshin imel naka ko na ɗanka, domin can amsa za ta zo, kuma wanda yake riƙe da imel shi yake riƙe da bizar.

Akwai kuma dillalan da ba ka ganin fuskarsu. Idan ka rubuta sunan ƙasa da kalmar biza a wurin bincike, sau da yawa shafukan da suke fitowa a sama tallace-tallace ne da aka biya kuɗi aka ɗora. Za ka ga tutar ƙasar, da hoton fasfo, da launuka irin na hukuma, alhali kamfani ne mai zaman kansa wanda zai karɓi bayananka ya je shafin gwamnati ya cike, ya ninka maka kuɗin sau biyu ko uku. Wasu ma ba sa cike komai. Hanyar gane su ita ce duba ƙarshen adireshin: na gwamnatin Indiya yana ƙarewa da gov.in, na Habasha da gov.et, na Kenya da go.ke, na Ruwanda da gov.rw. Ka kuma gangara can ƙasan shafin, inda dillalai suke rubutawa da ƙananan haruffa cewa ba su da alaƙa da gwamnati. In aka jera maka farashi uku, na yau da kullum, na gaggawa da na gaggawar gaske, ka ƙara sa ido, domin dillali ba shi da ikon hanzarta jami'in da yake duba takarda.

Yanzu ga wani wuri da ya shafe mu 'yan Nijar musamman. A jerin ƙasashen da ake zaɓa a cikin takardar nema, sunan Nijar yana manne da na Najeriya, ɗaya a saman ɗaya, kuma a ƙaramin allon waya yatsa yana iya zamewa. Ƙasashen biyu ba sharaɗi ɗaya ake yi musu ba, kuma biza da ta fito da ƙasar da ba taka ba ba ta da amfani. Ka buɗe shafin fasfonka mai hoto, ka dubi layuka biyu na ƙasa masu haruffa da alamomi: lambar Nijar haruffa uku ce, N, E, R, ta Najeriya kuma N, G, A. Haka ma suna. In fasfonka ya rubuta Ousmane ko Mahamadou da rubutun Faransanci, haka za ka kwafa harafi bayan harafi, ko da kai a gida Usman ko Muhammadu kake rubutawa. Ka lura da sifili da harafin O a lambar fasfo, ka kuma lura ko shafin yana fara kwanan wata da rana ne ko da wata. Ko wanne daga cikin waɗannan ya kuskure, sabon nema ne da sabon biya.

Wajen biyan kansa, galibin waɗannan shafuka katin Visa ko Mastercard suke karɓa, kuɗin da ke cikin waya ba ya wucewa kai tsaye. Wanda ba shi da asusu yana iya sayen katin da ake zuba wa kuɗi a banki, ya zuba abin da ya ɗan haura kuɗin bizar saboda ladan canji, ya kuma tabbatar an buɗe katin domin biya ta intanet. Banki zai aiko da lambar tabbatarwa a wayarka, kada ka karanta wa kowa ita. Idan intanet ta yanke ana tsakiyar biya, kada ka yi saurin sake dannawa. Ka duba asusunka, ka duba matsayin nemanka da lambar da aka ba ka, domin sau da yawa kuɗin ya riga ya fita, amsar ce ta makara.

Sai a kula da nau'in bizar, domin mai araha ba kullum ce ta dace ba. Mai zuwa Indiya neman magani yana da tasa bizar ta jinya, wadda take buƙatar wasiƙa daga asibitin can, da wata daban ta mai rakiyar majinyaci. Ɗaukar ta yawon buɗe ido don a rage kuɗi yana iya jawo matsala a asibiti ko a filin jirgi. Wanda zai zagaya Kenya da Yuganda da Ruwanda ya san akwai bizar haɗin gwiwa ta dala 100 mai kwana 90, amma ya fara lissafa ko ma yana buƙatarta, tun da wasu daga cikin ƙasashen sun buɗe mana ƙofa. Saudiyya ta fara bayar da bizar yawon buɗe ido ta intanet a watan Satumban 2019 ga 'yan wasu zaɓaɓɓun ƙasashe, kuma ko wanda ya samu wannan biza ba a yarda ya yi aikin Hajji da ita ba. Ina roƙon iyayenmu da su ji wannan da kyau: harkar Hajji tana bi ta hukumar COHO mai shirya aikin Hajji da Umara a Nijar, da kamfanonin da aka amince da su, kuma wanda ya ba ku bizar ziyara ya ce ku yi Hajji da ita ya jefa ku cikin haɗarin kamu da tara da kora. Masu zuwa Dubai sarin kaya kuma, bizarsu tana fitowa ne ta hannun kamfanin jirgi ko otal ko kamfanin tafiye-tafiye, ta kwana 30 ko 60, don haka farashinta yana bambanta daga hannu zuwa hannu, kuma wanda ya wuce wa'adi ana cin sa tarar dirhami 50 a kowace rana.

Idan amsa ta zo, ka karanta ta da kyau, domin rasit ɗin biya daban yake da takardar amincewa, kuma ta biyun ce kaɗai ake tafiya da ita. Ka buga ta a takarda kwafi biyu, kada ka dogara ga waya da cajinta zai iya ƙarewa a hanya. Ma'aikatan jirgi a filin Diori Hamani za su nemi ganinta kafin su ba ka katin shiga, tare da tikitin dawowa, jami'an can kuma suna iya tambayar inda za ka sauka da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake buƙatar a yi allurarsa kwana goma kafin tafiya. Ka tafi da fasfon da ka yi nema da shi, domin bizar a jikin lambarsa take, kuma ka sauka a filin jirgin da ƙasar ta ware wa masu bizar intanet. Masu tambaya su turo saƙonsu, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.