Darasi: Haɗa Allon Fuskar Gita da Filen

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da war haka. Ku matso kusa da benci. Yau za mu haɗa allon fuskar gita, wato allon nan mai rami da tsirkiya ke bi ta kansa. Daga nan amo yake fitowa. A 1862 Antonio de Torres na ƙasar Sifen ya haɗa wata gita da bayanta da gefunanta duk na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau, kuma ta yi sauti. Don haka a wannan allo ba a gaggawa.

Ga fallaye biyu na katakon sifurus (itacen da Turawa ke kira spruce), kowanne kaurinsa kamar milimita 4 zuwa 5. Gunduwa ɗaya aka tsaga aka buɗe ta kamar littafi, shi ya sa jijiyoyin wannan, wato layukan da ke jikin katakon, suke kallon na wancan. Su za mu manne baki da baki.

Amma kafin filen, wato abin fere katakon nan na kafinta, ya taɓa katako, a cire ƙarfensa a wasa shi. Sifurus katako ne mai laushi, kuma mai laushi shi ya fi tona asirin ƙarfen da ya dakushe: maimakon ya yanka, sai ya danne ya yage. Ku jiƙa dutsen wasi mai lamba 1000. Ku fara da bayan ƙarfen, ku kwantar da shi sosai a kan dutse, ku goga har ya yi sumul kusa da baki. Sannan ku juya, ku kwantar da gangaren bakin a kan dutse, ƙarfen a tashe da digiri 25. Ku kafe wuyan hannu, kafaɗa ce za ta yi tafiya. In wuyan hannu yana lilo, bakin zai fito a kumbure. Ku ci gaba har yatsa ya ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tanƙwaro ta baya, tun daga wannan kusurwa har waccan. In gefe ɗaya kawai kuka ji shi, da saura. Daga nan sai dutse mai lamba 6000, wanda ya fi na farko santsi, a ɗan ɗaga zuwa digiri 30, goga kamar goma, a juya baya a share ƙaiƙayin.

To, yanzu a ninke fallayen biyu kamar an rufe littafin, bakunan da za su haɗu su daidaita. A ɗora su a kan wani allo mai kauri, su leƙo waje da kamar milimita 3, a matse. Filen kuma a kwantar da shi a kan gefensa. Ku lura, tunda tare muke fere su, ko filen ya ɗan karkace, idan aka buɗe, karkatar wannan za ta cike ta wancan.

Ku mayar da ƙarfen cikin filen, ku fito da bakinsa kaɗan ƙwarai. Dubi abin da ke fitowa: siriri, a nannaɗe, har ana ganin yatsa ta cikinsa. Haka ake so, kuma ya fito guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe ba tsinkewa. A farkon turi ku danna gaban filen, a ƙarshe ku danna bayansa. Wanda ya yi akasin haka zai cinye bakunan biyu, tsakiya ta yi tozo.

Gwaji kuwa da haske ake yi. Ku haɗa bakunan, ku ɗaga su a gaban taga ko fitila. In haske ya ratso a ƙarshen allo, tozon nan ne, kuma shi ne mafi hatsari, domin ko an matse da ƙarfi gam ya kama, wata rana nan zai buɗe. Ku fere tsakiya sau biyu, sannan turi ɗaya cikakke. Don Allah kada ku ɗauko samfefa a hannu ku ce za ku gyara da ita, gefunan za ta zagaye, layin gam ya fito baƙi a tsakiyar fuskar gita.

Idan haske ya daina wucewa, a shafa gam siriri, ko wanda ake yi da fatar dabba a shafa da ɗuminsa, ko gam ɗin katako na kanti mai suna Titebond. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin layin kada allo ya manne da benci, a matse ta gefe da 'yan ƙananan katakai masu tsini, a ɗora nauyi a kan layin don kada ya tashi. Gam ya ɗan tsattsafo kamar ƙwayar gero a jere, shi ke nan ya isa. A bar shi ya kwana.

Wani abu game da iska: ana son laima a ɗakin aiki ta tsaya wajen kashi 45 cikin 100. Gitar da aka haɗa cikin laimar damina, in hunturu ya shigo katakon zai tsuke, fuskar ta tsage.

Gobe za mu rage kaurin zuwa kusan milimita 2.5. Ku sani tun yanzu, ɓari ɗaya zai bi filen lafiya, ɗayan kuma ya nemi yagewa, domin a buɗewar nan kwanciyar jijiyarsu ta saɓa. Saboda haka a karkace za mu tura filen, kamar digiri 45, muna aunawa bayan kowane zagaye. Kowa ya zo da ƙarfensa a wase.