Daga Tafkin Madarunfa Zuwa Ruwan Timiya: Fita da Iyali da Ɗaukar Hoton Ruwa

[Hoto biyu gefe da gefe, duka na bakin tafki]

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi hotunan nan biyu da kyau. Wuri ɗaya ne, salula ɗaya ce, kuma rana ɗaya aka ɗauke su. Na hagu da ƙarfe 6:45 na safe: ruwa kwance lumui, goriba biyu a tsaye, ga wasu biyun a kife cikin ruwa, masunci a kwale-kwalensa ya zama baƙi wuluk a gaban jan sama. Na dama da ƙarfe 11: sama ta yi fari fat, ruwa ya yi launin toka, inuwar goribar ta ɓace. Ba kyamara ce ta sāke ba, lokaci ne. Abin daɗin kuma, sa'ar da haske ya fi kyau ita ce sa'ar da yara suka fi jure tafiya, don haka shiri ɗaya ya wadatar da mai hoto da iyalinsa.

Mu a Maradi ba mu da manyan duwatsu, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Mai son ruwan da ke kwance tsakanin duwatsu sai ya nufi Abzin, arewa da Agadas. Amma hannu a gida ake koya masa aiki, kuma makarantarmu tana kusa: tafkin Madarunfa, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya kudu da birni. Tun 2006 tafkin, da dajinsa, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, don neman a sa su cikin wuraren gadon duniya.

[Kalanda, ana nuna Oktoba da Nuwamba]

Wane wata? Daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, wato Oktoba da Nuwamba. Tafki ya cika, bado ya buɗe, ruwan sama ya wanke ƙura, sararin sama garau. Da Disamba ta yi nisa hazo ke sauka, ya cinye duk abin da ke nesa. Hazo ma yana da nasa kyan, don yakan mai da rana kamar faifai, mai laushin haske, a ɗauke ta ba ta ƙona hoto ba. Sai dai launi ya tafi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, ruwa ya ja baya ya bar taɓo. Wannan ba lokacin kai yara ba ne, ko kyauta aka ba ku mota.

A Nuwamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:30. A nan ne mutane da yawa ke yin asara, don sukan karanta cewa jan hasken safe yana kai awa guda, alhali wannan lissafin ƙasashen Turai ne, inda rana ke hawa a karkace. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, miƙe take hawa. Minti 30 zuwa 40 ne rabonku, daga nan haske ya yi tsauri. Saboda haka a kwana da kaya a ɗaure, a tashi yara tun kafin kiran salla, ana sallame asuba a kama hanya. Tun jajibiri kuma a tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, don yankin yana dab da iyaka. Fitar safe ce, a dawo kafin azahar.

[Kusa: fuskar ruwa babu motsi, sannan iska ta fara kaɗa ta]

Me ya sa ruwa ke zama madubi da asuba? Da dare ƙasa tana hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a kanta ba motsi. Da rana ta ɗumama ƙasa, iskar ƙasa ta tashi ta cakuɗa da ta sama, sai kaɗawa ta fara, galibi wajen ƙarfe 9. Ƙaramar igiyar ruwa kaɗai ta isa ta farfasa inuwa. Dutse ɗaya da yaro ya jefa ma haka, sai an jira minti biyu ko uku ruwa ya sake kwanciya. Ku yi yarjejeniya da su tun a mota: Baba ya ɗauki hoto goma, sannan a buɗe gasar jifa.

Abu na biyu, ku durƙusa. Idan mutum ya leƙa ruwa daga sama kai tsaye, wajen kashi 2 cikin 100 na haske ne kawai ke dawowa, shi ya sa yake ganin taɓo da ciyawar ƙasa. Duk sanda ido ya yi ƙasa, kusa da fuskar ruwa, inuwa takan ƙara ƙarfi. Ku sauke salula zuwa tsayin gwiwa, ko ku juya ta kai ƙasa yadda idonta zai koma kusa da ruwa, ku ga bambanci nan take.

[Allon salula, yatsa na taɓawa]

Mai salula, abu na farko shi ne goge idon kyamara da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi, a ɗora wa waya laifi. Ku kunna layukan raga, waɗanda ke raba allo gida tara, ku daidaita bakin ruwa na can ƙetare da ɗaya daga cikinsu. Tudu yana iya karkacewa a hoto ba a lura ba, amma ruwa in ya karkace ko yaro zai ce tafkin yana zubewa. Idan sama ce ta yi kyau, a ba ta kashi biyu, ruwa kashi ɗaya. Idan inuwa ake nema, a raba tsaka.

Daga nan ku taɓa allo a wurin da ya fi haske, ku ja alamar rana ƙasa kaɗan har jan sama ya fito. Dalili: wurin da ya yi duhu ana iya tada shi daga baya, wurin da ya ƙone ya yi fari babu abin da ya saura a cikinsa. Kada ku ja hoto da yatsu biyu don kusanto tsuntsu. Yanka hoton kawai waya take yi tana faɗaɗa shi, ya fito kamar zane. Ku taka da ƙafa, ko ku bar balbelar ƙarama cikin babban fili, hakan ma hoto ne.

Mai babbar kyamara, ga lambobin farawa. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a sa shi 100. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11, a nan ne na kusa da na nesa suke fitowa tsaf tare. In aka matse ta har f/22 kaifin hoto raguwa yake yi. Kafin rana ta fito saurin ƙyaftawa, wato lokacin da idon kyamara ke buɗe, zai sauka ƙasa da 1/30 na daƙiƙa, hannu ba zai riƙe ba, sai an kafa ƙafa-uku, wato abin ɗora kyamara. A danna ƙafafunta sosai cikin yashi, a sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza ta. In babu ƙafa-uku, tsohuwar safa cike da gero, a ɗaure bakinta a ɗora kyamara, tana aiki ƙwarai. Idan akwai yara a guje ko kirinjijiya ta tashi, a koma 1/500, a ɗaga ISO zuwa 400 ko 800.

Akwai gilashin kashe ƙyalli, wanda za ku ga an rubuta CPL a bakinsa. Yana ƙara wa sama shuɗi, ya fito da koren bado, kuma ya fi aiki idan rana tana gefen kafaɗa, ba gaba ko baya ba. Amma a kula, aikinsa kashe inuwar ruwa ne. Mutum zai tashi da asuba don madubi, ya murɗa gilashi ya goge madubin da hannunsa. A riƙa juya shi a hankali ana kallo.

Hoto kuma yana son abin da ido zai fara takawa: bakin kwale-kwale, taru da aka shanya, ko gindin gawo. Yaranku ma sun isa, ku ɗauke su ta baya suna kallon ruwa, ba a jere ana cewa su yi dariya ba. Masunci ko matan da ke wanki, a yi sallama a nemi izini kafin a ɗaga waya. Wajen kaburbura a bi abin da masu kula da wurin suka ce. Shingen jami'an tsaro kuwa, a mai da kyamara jaka.

[Iyali na tafiya a bakin ruwa, ƙaramin yaro a gaba]

Yanzu tafiyar kanta. Babba yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Ɗan shekara biyar ko shida, ku lissafa masa 2, da tsayawa kallon ƙwaro. Kilomita 3, zuwa da dawowa, ya ishi fitar farko. Mafi ƙanƙanta shi ke gaba, babba ɗaya a baya, kuma a raba aiki tun a gida: idan Baba ya sa ido a kyamara, Inna ce ke ƙirga kawuna. Wanda ke leƙen allo ba ya ganin yaron da ya nufi ruwa.

Ruwan sha, rabin lita ga babba kowace awa. Manya biyu da yara uku, awa uku, kada ya gaza lita 6, a bar wata jarka a mota. A kasa shi uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya. Kason farko na ƙarewa a juya, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Guzuri mara nauyi, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi. Malafa ga kowa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, saboda ƙaya da ƙarangiya, kuma kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Yaron da ya yi laushi, yana kukan ciwon kai, fitsarinsa ya yi ja, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wanka a tafki, a'a. Ruwan da ke kwance a yankinmu yakan ɗauki tsargiya. Ƙwayar tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito ta huda fata ba a ji ba, ko da ƙafa kawai aka tsoma.

[Duwatsun Abzin, lambunan Timiya]

To, ranar da Allah ya nufa aka je Abzin fa? Timiya tana fiye da kilomita 200 arewa da Agadas, gari mai lambunan lemu da rumman a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, kuma kusa da ita akwai ruwan da ke zubowa daga dutse ya taru a kwarmi. Hanya ce ta mota mai ƙarfi da ɗan jagora na yankin, bayan an ji ta bakin hukuma a Agadas game da tsaro.

A can lissafin haske ya juya. Rana tana fara taɓa kan dutse, kwarmin ruwa yana cikin inuwa har hantsi. Kyamara ba ta iya riƙe duka biyun: ko kai ya ƙone, ko ruwa ya yi baƙi. Mai salula ya kunna HDR, tsarin da ke haɗa hoto mai haske da mai duhu su zama ɗaya. Mai kyamara ya kafa ƙafa-uku ya ɗauki hoto uku ba motsi, ɗaya daidai, ɗaya an rage haske mataki 2, ɗaya an ƙara haske mataki 2, ya haɗa su a kwamfuta. Don ruwa mai zubowa ya fito kamar zaren auduga, a sa ƙyaftawa tsakanin 1/4 na daƙiƙa da daƙiƙa 1. Inuwar safiyar nan ce ma ke ba da damar haka ba tare da baƙin gilashi mai rage haske ba.

Hawa yana cin lokaci: kowace mita 600 ta tsayi, ƙara awa guda ga babba, da yara a ninka. Sanyi ma yana ƙaruwa, wajen digiri 6 da rabi kowace mita 1,000, kuma ƙololuwar Bagzan, mafi tsayi a Nijar, ta kai mita 2,022. Daren Disamba da Janairu a can sai da bargo biyu, batir ma yakan mutu da wuri, a kwana da shi cikin aljihu. Dutsen bakin ruwa mai gansakuka ya fi sabulu santsi, kwarmin kuma yakan yi zurfi daga taku ɗaya, a riƙe hannun yaro. Da damina kada a zauna ko a kwana cikin busasshiyar ƙorama; ruwan da aka yi can bisa duwatsu yakan iso da ƙarfi alhali inda kuke ko gajimare babu.

[Gida: kyamara a kan tabarma, ana hura ƙura]

Da an dawo, kafin a goge gilashi a fara hure ƙurar da roba mai hura iska, don yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ya isa ya zana shi har abada. Idan kun ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sama, wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce ta shiga ciki, galibi lokacin sauya gilashi a fili. Nan gaba a sauya cikin mota, tagogi a rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa. A kwafe hotuna wuri biyu kafin a share kati. A duba tafin ƙafar yara a cire ƙaya. Wanda kuma ya faki ido ya shiga ruwa, a riƙe ranar: idan bayan wasu makonni ko watanni aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti a faɗa musu ya shiga tafki, akwai maganinta, Praziquantel.