Idan Mitar Gas ɗin Maƙwabci Kake Biya: Yadda Ake Warware Rikicin a Birtaniya

Masu kallo, assalamu alaikum. Batunmu na yau ya shafi mazauna gidajen sama masu fulat da yawa a Birtaniya, inda iskar gas ke shigowa gida ta bututu, mita kuma ta riƙa ƙirga abin da aka ƙona. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya saba da tukunyar gas da ake kaiwa a cika, a biya nan take a wuce, don haka babu yadda za a yi ya biya wa wani kuɗin girkinsa ba da saninsa ba. A Landan ko Manchester kuwa hakan na faruwa, kuma mutum yana iya shafe shekaru yana biyan kuɗin gas ɗin maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin yana biyan nasa, babu wanda ya lura a cikinsu.

Mu fara da ɗakin mitoci. A yawancin irin waɗannan gine-gine ba a sanya mita cikin kowane fulat ba, an jera su ne wuri guda, a ƙasan matakala ko a cikin akwatuna a jikin bangon waje. Idan ka buɗe, za ka tarar da mitoci shida ko takwas masu kama ɗaya, wani ya bi ya rubuta lambar fulat a kan kowace da alƙalami, wani rubutun ya dushe, wata takardar ta ɓalle ta faɗi. Wannan rubutun hannu ba hujja ba ne, domin sau da yawa daga nan kuskuren yake farawa.

Lambobi biyu ne suke da muhimmanci. Ta farko ita ce MPRN, mai alƙaluma 6 zuwa 10, wadda ke nuna mashigar gas ta gidanka, kuma ba ta canzawa ko da an sauya mitar ko ka koma wani kamfani. Ta biyu ita ce lambar da masana'anta suka buga a fuskar mitar, yawanci kusa da layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa. Kamfanin Xoserve ne ke kula da babban kundin bayanan gas na Ingila da Sikotland da Wales, inda aka haɗa kowane adireshi da MPRN ɗinsa da lambar mitarsa, kuma daga nan kamfanonin sayar da gas suke ɗaukar bayani. Idan aka ɗaura mitar fulat na 3 a kan adireshin fulat na 5 a cikin wannan kundi, duk takardar kuɗin da za ta fito daga baya a kan kuskure za ta fito, komai yawan kamfanonin da mazaunan suka canza.

Dalilan da ke jawo haka ba su da wuyar ganewa. A sabbin gine-gine, magina suna kiran kowane fulat da lambar da ke cikin zanen gini, sai daga baya hukuma ta ba shi lambar adireshi dabam, wani lokaci kuma ba a daidaita biyun ba. A tsofaffin gidajen da aka tsaga aka mayar da su fulat uku ko huɗu, wani kundi zai ce fulat na ƙasa, wani ya ce fulat A, wani kuma fulat na 1. Birnin Edinbara ma yana da nasa salon, inda ake rubuta 2F1 ana nufin ƙofa ta farko a hawa na biyu, alhali wata takardar tana kiran gidan da lamba ɗaya tilo. Akwai kuma ranar sauya mita, lokacin da ma'aikaci zai shigo ɗakin mitoci cikin gaggawa, ya cire ta maƙwabci ya rubuta sabuwar da sunanka.

Alamar farko yawanci ita ce kuɗin da bai yi kama da zaman gidan ba. Hukumar Ofgem mai sa ido kan kasuwar makamashi ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙaramin gida mai mutum ɗaya ko biyu yana cin gas kimanin kilowat-awa (ma'aunin makamashin da ake caji da shi) 7,500 a shekara, matsakaicin gida kuma 11,500. A ɗauka ɗalibi ne shi kaɗai a fulat, yana wuni a makaranta, amma takardarsa tana nuna cin gas irin na magidanci mai 'ya'ya uku, ko kuma ya yi tafiyar wata guda zuwa gida Najeriya ya kashe komai, ya dawo ya tarar mitar da ake cewa tasa ce ta ci gaba da tafiya. Irin wannan ya isa a yi zargi, amma zargi kaɗai ba ya sa kamfani ya gyara lissafi.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauki takardar kuɗinka ta baya-bayan nan, ka nemo lambar mitar da aka rubuta a ciki, ka je ka gwada ta da wadda ke jikin mitar da kake ɗauka taka ce, harafi da harafi. Idan sun saɓa, ka duba sauran mitocin, mai yiwuwa ka ga lambar a jikin ta wani. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a ganina kuskure ne, domin lambobin suna iya dacewa tsaf amma bututun da ya fito daga wannan mitar ba gidanka ya nufa ba.

Saboda haka sai an gwada da wuta. Ka kashe duk abin da ke amfani da gas a gidanka, wato murhun girki da na'urar ɗumama ruwa da ɗaki, sa'an nan ka sauka ka ɗauki hoton fuskar kowace mita, yadda lambarta da ƙirgenta za su fito sarai. Ka koma ka kunna kawunan murhun gaba ɗaya, ko ka kunna na'urar ɗumama ruwa ka buɗe famfon ruwan zafi, ka bar wani babba yana tsaye a wurin, kada a bar wuta babu mai kallo. Idan ka dawo ɗakin mitoci, ka zuba ido kan alƙaluman ƙarshe, waɗanda ke bayan ɗigo ko cikin jan zagaye, domin su ne suke motsi da sauri. Mitar da ta fara tafiya lokacin da ka kunna, ta kuma tsaya cak lokacin da aka kashe, ita ce taka. A maimaita sau biyu ko uku, zai fi kyau a lokacin da maƙwabta ba sa girki, ko kuma a roƙe su su dakata na minti goma. Idan mitar ta zamani ce, fuskarta tana yin duhu don adana batir, sai ka danna maɓalli ta farka, kuma kada ka dogara da ƙaramin allon cikin gida da ke zuwa tare da irin wannan mitar, domin bayanin gas ba ya sabuntawa a kansa sai kusan bayan kowane minti 30.

Kada ka rufe makunnin gas na mitar da ba ka tabbatar taka ba ce, kada kuma ka taɓa bututu ko hatimin da ke jikin mita. Aikin gas a ƙasar doka ta keɓe shi ga injiniyan da ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Idan ka ji warin gas a ɗakin mitoci, ka bar gwajin, ka fita, ka kira lambar gaggawa ta 0800 111 999.

Da hotunan a hannu, sai ka rubuta wa kamfanin da ke sayar maka da gas. Kiran waya yana da amfani, amma rubutu ya fi, domin yana barin kwanan wata. Ka bayyana cewa ƙorafi kake shigarwa a hukumance kan mitoci da suka sarƙe, ka kawo adireshinka da MPRN da lambar mitar da ke kan takarda da lambar wadda gwaji ya nuna, tare da ƙirgen kowace da ranar da aka ɗauka. Ka nemi su turo ma'aikaci ya tabbatar da idonsa, su gyara kundin, su kuma dakatar da neman bashin da ake jayayya a kai har a kammala bincike. Kada ka daina biya gaba ɗaya, tunda gas dai kana ƙonawa, kuma tara bashi yana iya ɓata maka suna wajen masu ba da rance.

Shi maƙwabcin kuma a je masa da lalama, domin ba shi ya haddasa ba, kuma mai yiwuwa labarin da ka kawo masa bashi ne zai zame masa. Kamfaninka ba zai tattauna asusunsa da kai ba saboda dokar kare bayanan mutane, don haka shi ma sai ya sanar da nasa kamfanin. Idan kamfanonin biyu dabam ne, dole su yi musayar bayanai su amince da ƙirgen da za a yi aiki da shi, wannan ne ma ya sa gyaran yake ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Ban ba da shawarar maƙwabta su zauna su yi lissafi a tsakaninsu su miƙa wa juna kuɗi ba, domin farashin kowa dabam ne, kuma muddin kundin bai canza ba, takarda ta gaba ma a karkace za ta zo. Ɗan haya ya sanar da mai gidan ko wakilinsa a rubuce.

Batun kuɗin yana da fuska biyu. Idan ka biya fiye da abin da ka ƙona, ka nemi a sake lissafi tun daga ranar da ka tare a gidan, a mayar maka da rarar. Idan kuwa ƙasa da haƙƙi ka biya, akwai ƙa'idar Ofgem da ta fara aiki a watan Mayun 2018, wadda ta hana kamfani neman kuɗin makamashin da aka yi amfani da shi fiye da wata 12 baya idan ba a caje shi daidai ba, sai fa idan mai sayen gas ɗin ne ya kawo cikas, misali ya hana a karanta mita. Ka duba sabon lissafin da kyau. Idan babu tsohon ƙirge aka koma ga ƙiyasi, ka tambayi a kan wane lokaci aka gina shi, domin ƙiyasin da aka ɗauko daga sanyin Janairu zai ɗora maka nauyin da ba naka ba idan aka shimfiɗa shi a kan shekara guda. Ka kuma nemi tarihin ƙirgen mitarka ta gaskiya, wanda yawanci yana hannun kamfanin maƙwabcin.

Idan mako 8 ya cika ba a warware ba, ko kamfanin ya ba ka takardar da ke cewa ya kai maƙura, kana da damar kai ƙara ofishin Energy Ombudsman, mai shiga tsakanin kamfanonin makamashi da masu saye. Ba a biyan ko sisi, kuma idan ka amince da hukuncinsa, wajibi ne kamfanin ya aiwatar, ko gyaran lissafi ne ko neman afuwa ko diyya. A Ingila da Wales ƙungiyar Citizens Advice tana ba da shawara kyauta tun kafin a kai ga haka, a Sikotland kuma Advice Direct Scotland. Arewacin Ayiland tsarinta dabam ne, can Consumer Council ake tuntuɓa.

Bayan an ce an gyara, ka jira takardar kuɗi ta gaba, ka sake sauka da ita ɗakin mitoci ka gwada lambar. Idan ta dace da mitar da gwajin wuta ya nuna, sai ka goge tsohon rubutun da ke kan akwatin, ka manna sabuwar takarda mai lambar fulat ɗinka da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa.